Kalmar "Killace": Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Gabatarwa

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ban san nauyin wannan karin magana ba sai ranar da wata yayata da ke aikin jinya ta kira ni in yi mata tafinta. Wani dattijo mai sayar da albasa daga unguwar Sabo ne ya kawo ɗansa ɗan shekara huɗu asibiti, jikinsa ya yi zafi, ga ƙuraje sun feso masa. Likita ya duba ya ce ƙyanda ce, saboda haka za a kwantar da yaron a wani ɗaki daban tare da mahaifiyarsa, don kada sauran yara su ɗauka. Dattijon ba ya jin Turanci sosai. Ni kuwa a lokacin ina aji biyu, ina ganin ai na gama iya Hausa. Na rusuna na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, likita ya ce za a tsare yaron nan, a kulle shi na 'yan kwanaki."

Nan take fuskarsa ta canza. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ke 'yar nan, me ya yi? Sata ya yi, ko kuwa kuɗin magani ne ba mu biya ba?" Ya sunkuci yaron zai fita da shi. Allah ya taimake ni, wata Hajiya da ke zaune a kan benci tana jiran layi ta sa baki. Ta ce, "Malam, yi haƙuri, ba abin da take nufi ke nan ba. Killace shi za a yi har ya sami sauƙi, kuma uwarsa na tare da shi." Dattijo ya yi ajiyar zuciya ya koma ya zauna, ya ce, "To, ai da haka ta ce tun farko."

Kalma ɗaya ce ta kusa sa a mayar da yaro mai ƙyanda cikin unguwa, kalma ɗaya ce kuma ta tsayar da shi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi ɗan tsokaci a kan kalmar killace, musamman saboda 'yan'uwana ɗalibai waɗanda, kamar ni, ba a nono suka tsotsi Hausa ba. Za mu duba ma'anarta, da ƙirarta, da wuraren da ake amfani da ita, sannan mu ga abin da ya raba ta da sauran kalmomin da ke kama da ita.

Ma'anar Kalmar

Killace na nufin mutum ya sa wani shamaki ya raba wani abu da sauran abubuwa, da nufin ya kare shi daga abin da ke waje, ko kuma ya kare na waje daga gare shi. Idan aka lura, akwai abubuwa uku a cikin wannan bayani. Na farko, akwai mai yin aikin, kuma da niyya yake yi. Na biyu, akwai shamaki, ko na zana ne, ko danga, ko shingen ƙaya, ko katanga, ko waya, ko ma bangon ɗaki. Na uku, akwai kulawa, wato abin da aka killace ba a yar da shi ba, ana sane da shi, ana kuma lura da shi.

Rayuwar ƙauye ta ba mu misali mai kyau. Da damina, idan shuka ta fito, awaki ake killacewa a gida ana kai musu ciyawa, don kada su yi ɓarna a gonakin mutane. Da rani kuwa, idan an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, sai mai lambu ya killace lambunsa don kada awakin su cinye masa tumatir da latas. A na farko ana kare na waje daga na ciki, a na biyu ana kare na ciki daga na waje. Amma a duka biyun, abin da ke cikin shingen yana da daraja a wurin mai shi. Wannan darajar ita ce dattijon nan ya ji a bakin Hajiya, bai ji ta a bakina ba.

Ƙirar Kalmar

Kalmar tana da gaɓa uku: kil-la-ce. Gaɓar farko rufaffiya ce, domin da baƙi ta ƙare. Ya kamata mai koyo ya kula da cewa "l" biyu ne, sai an ɗan daɗe a kansu wajen furuci. Wanda ya saba gaggawa a irin wannan wuri shi ne zai ce kala alhali kalla yake nufi. Haka kuma "k" ɗin farko ba mai lanƙwasa ba ce. Wannan ma abin lura ne, domin bambancin kulle ƙofa da ƙulle kuɗi a bakin zane bai wuce wannan 'yar lanƙwasar ba.

A shekarar 1960 ne masanin nan F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, bisa la'akari da wasalin ƙarshe da karin sauti. Killace tana cikin giredi na huɗu, wato masu ƙarewa da wasalin "e". Idan ba karɓau a bayanta, karin sautinta sama-ƙasa-sama ne, kamar a "Na killace." Ɗaya daga cikin manyan ma'anonin wannan giredi shi ne yin aiki gaba ɗaya ba tare da an rage komai ba. Alal misali:

1. Ya sha ruwa. / Ya shanye ruwan.
2. Ta sayi goro. / Ta saye goron.
3. Sun kewaya gari. / Sun kewaye garin.

Abin sha'awa shi ne, idan muka jero kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen yi wa abu iyaka ko shamaki, za mu tarar galibinsu a wannan giredi suke: rufe, toshe, kulle, tsare, kange, katange, kewaye, zagaye, keɓe, iyakance, ƙayyade. A ganina wannan bai zama abin mamaki ba, domin shingen da aka bar wa kafa bai cika shinge ba. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga wannan aikatau ana samun waɗannan siffofi:

4. Killacewa: Killacewa ta fi magani sauƙi.
5. A killace: Rijiyar a killace take.
6. Killatacce, killatacciya, killatattu: killataccen fili, killatacciyar gona, killatattun dabbobi.

Mai karatu zai iya tambaya, daga ina "t" ta fito a misali na 6? Amsar ita ce, tun asali "t" ce a saiwar kalmar, wato killat-. Wasalin "e" ne ya mayar da ita "c", bisa dokar nan ta ganɗantawa da muka karanta a darasin tsarin sauti. Ita ce dokar da ta ba mu sace daga sata, da fice daga fita, da mace daga mutu. Da zarar wasalin "a" ya biyo baya, sai "t" ta dawo wurinta, kamar dai yadda lalace ke ba mu lalatacce. Saboda haka kuskure ne a rubuta "killacacce".

Wani kuskuren da muke yawan yi shi ne barin ɗafin "-wa" a inda bai kamata ba. Ana cewa "Ana killacewa" idan ba a ambaci abin da ake killacewar ba. Amma da zarar karɓau ya biyo baya, sai "-wa" ta faɗi: "Ana killace su", "Ana killace marasa lafiya". Cewa "Ana killacewa su" ba Hausa ba ce.

Wuraren da Ake Amfani da Ita

Na farko shi ne wuri. Wanda ya sayi fili yakan killace shi kafin ya sami halin gini, don kada maƙwabta su ci masa iyaka. Jama'ar unguwa sukan haɗa kuɗi su killace maƙabarta ko masallacin idi. A tsakar gida ma akan killace wani ɗan lungu da zana domin wanka ko girki.

Na biyu shi ne kaya. A nan ma'anar kalmar ta kusanci adana. Uwa za ta ce wa 'yarta, "Ki killace takardun nan kada yara su yaga." Maigida zai ce, "Na killace kuɗin makarantar yara, ko me za a yi ba zan taɓa su ba." A irin wannan magana shamakin yana iya zama akwati ko jaka ko ƙarƙashin katifa. Daga nan ne ma'anar ta faɗaɗa har manazarta ke maganar killace tatsuniyoyi da waƙoƙin baka a rubuce don kada su salwanta.

Na uku shi ne mutum. Idan biki ya matso, akan killace amarya a ɗaki na wasu kwanaki ana yi mata gyaran jiki, ba kowa ke ganinta ba. Idan aka ce mace ta killace jikinta, ana nufin ta suturta shi yadda ya kamata. Haka nan akan killace 'yan wasan ƙwallo a sansani kafin babbar gasa, don hankalinsu ya tsaya wuri ɗaya. Duk waɗannan ba wanda ya yi laifi a cikinsu.

Na huɗu shi ne dabbobi, kuma a nan kalmar ta shiga bakin 'yan jarida sosai. A shekarar 2017 jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake, sannan a watan Mayun 2021 gwamnonin jihohin kudu suka yi taro a Asaba suka amince da hana shi a jihohinsu. A muhawarar da ta biyo baya a gidajen rediyo, kalmomi biyu ne suka riƙa karo da juna: sake da killace. Masu goyon baya na cewa kiwo a killace shi zai kawo ƙarshen rikicin manoma da makiyaya, masu suka kuma na tambaya, wa zai ba da filin, wa zai kawo ruwa da ciyawa? Abin da ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe shi ne, ita kanta tambayar masu sukar daga cikin ma'anar kalmar ta fito. Wanda ya killace dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta.

Na biyar shi ne kiwon lafiya. A ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Adadevoh, ta ƙi yarda a sallame shi duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu da cutar ta rasu a watan Agusta na wannan shekara, amma tsayuwar da ta yi ta taimaka ƙwarai wajen hana cutar bazuwa. An bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ana lura da su har kwana 21, waɗanda alamu suka bayyana a jikinsu kuma aka killace su. A ranar 20 ga Oktoban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar.

Zuwan korona ya ƙara fito da kalmar fili. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, kuma a ƙarshen watan Maris aka sanar da hana fita a Legas da Ogun da Abuja. A nan sai mu lura da yadda masu harshen suka raba kalmomi biyu ba tare da wani ya koya musu ba. Hana jama'ar gari fita, shi aka kira dokar kulle, domin dole ce aka ɗora wa kowa, mai lafiya da marar lafiya. Amma wuraren da ake kwantar da masu cutar, cibiyoyin killace masu korona aka kira su, wanda ya dawo daga tafiya kuma aka ce ya killace kansa kwana 14. Mutum yana iya killace kansa don raɗin kansa, kuma a yaba masa. In kuwa aka ji an ce wane ya kulle kansa a ɗaki, sai a fara tambaya ko lafiya.

Bambancinta da Makusantanta

Matsalarmu mu masu koyo ita ce, idan muka buɗe ƙamus, ko na Bargery na 1934 ne ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, muka ga kalmomi masu ma'ana kusa da juna, sai mu ɗauka duk wadda muka kama ta yi. Ga kaɗan daga cikin waɗanda ake rikita su da killace.

Kewaye. Wannan siffar abin kawai take nunawa, wato wani abu ya zagaye wani ta kowane gefe. Ba dole sai da niyya ba, ba kuma dole sai mutum ne ya yi ba. Ana cewa "Ruwa ya kewaye garin", ko "Duwatsu sun kewaye ƙauyen". Ana cewa ganuwa ta kewaye birnin Kano, wadda tarihi ya nuna an fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Amma ba a cewa ruwa ya killace gari, domin ruwa ba shi da nufi. Sai kuma a yi hattara, domin kewaye a matsayin suna tana nufin yankin da ke gefen gari, kamar a "Ibadan da kewaye", tana kuma nufin banɗaki. Idan baƙo ya ce zai kewaya, ba yawon buɗe ido za shi ba, buta za a ba shi.

Kange. Ita wannan shamaki ne ta gefe ɗaya, wanda ke hana gani ko wucewa. Labule yana kange ƙofa, dogon mutum yana kange na bayansa a aji. Abin da aka kange yana iya zama a buɗe ta sauran ɓangarori.

Kulle. Asalinta rufe ƙofa da makulli ko kwaɗo. Nauyinta yana kan hana fita ko hana shiga. Ana kulle shago, ana kulle ɓarawo. Daga ita aka sami auren kulle, al'adar da littafin tarihin Kano ya danganta farkonta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Tsare. Wannan kalma fuska biyu gare ta. A addu'a, "Allah ya tsare" fatan alheri ne, mai gadi ma yana tsare gida. Amma idan hukuma ce ta yi aikin, mutum kuma aka yi wa, to ma'anarta kamu. "An tsare shi" na nufin yana hannun 'yan sanda ko wasu masu iko. Wannan ramin ne na faɗa a asibiti. Na san fuskar addu'a, ban san ɗaya fuskar ba.

Keɓe. Ita ce ta fi kusa da killace, har sau da yawa sukan zo tare. Bambancin shi ne keɓewa ba ta bukatar shamaki. Ana keɓe wa baƙi kujeru a wurin taro, ana keɓe rana domin wani aiki, mutum biyu suna iya keɓewa a gefe su yi shawara. Ana iya keɓe lokaci, amma ba a killace lokaci.

Iyakance da ƙayyade. Waɗannan su ne ke yi wa adadi ko lokaci ko farashi iyaka. Ƙayyade daga Larabci aka aro ta. Ana ƙayyade farashin kaya, ana ƙayyade sadaki, ana iyakance yawan mutanen da za su shiga ɗaki. Iyakar da suke sawa ta lissafi ce, ba wadda ake dafawa da hannu ba. Saboda haka wanda ya ce "Gwamnati ta killace farashin taki" ya yi tuntuɓe, ƙayyade ya kamata ya ce.

Wani Abin Lura

Tun da yake killace kalma ce mai sanyi a kunne, akwai haɗarin a yi amfani da ita a rufe abu mai ɗaci. Idan hukuma ta hana wani ɗan siyasa fita daga gidansa, ta zuba masa jami'an tsaro a ƙofa, mai magana da yawunta zai so a ce an killace shi ne don lafiyarsa. Amma Hausa tana da sunan wannan abu tun da daɗewa, wato ɗaurin talala, daga doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita ta yi kiwo iyakar tsawonta. Haka nan wanda ya hana matarsa zuwa asibiti ko gaida iyayenta yana iya cewa killace ta ya yi, alhali kulawar da ke cikin kalmar babu ita a aikinsa.

Da yawa daga cikinmu aikin fassara ko koyarwa ko aikin jarida za mu yi bayan mun gama. Kuskuren da na yi shi ne na ɗauki kalma mai zafi na sa a wurin mai sanyi, na tsorata bawan Allah a banza. Kishiyar wannan kuskure, wato sa mai sanyi a wurin mai zafi, ta fi muni, domin na farko rashin sani ne, na biyu kuwa yana iya zama taya wani ɓoye gaskiya.

Kammalawa

A wannan ɗan rubutu mun ga cewa killace aikatau ce 'yar giredi na huɗu, mai nufin raba abu da sauran abubuwa ta hanyar shamaki, da niyya, kuma da kulawa. Mun ga tana aiki a kan wuri da kaya da mutum da dabba, mun kuma ga inda ta sha bamban da kewaye da kange da kulle da tsare da keɓe da iyakance da ƙayyade. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kafin mu ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, mu tambayi kanmu abu uku: Wa ya yi aikin? Da me ya yi shi? Don me ya yi shi? Amsar ta ukun ita ce galibi ke nuna kalmar da ta dace. Sannan kada mu tsaya ga littafi kaɗai. Mu riƙa sauraren labaran Hausa a rediyo, mu riƙa zama da masu harshen a Sabo da kasuwanni, in sun yi mana gyara mu karɓa da hannu biyu.

Shi kuwa yaron nan, bayan kamar mako guda aka sallame shi ya koma gida da ƙafarsa. Da na je kasuwa na gaida mahaifinsa, sai ya cika mini leda da albasa ya ƙi karɓar kuɗi. Ya miƙo mini yana dariya ya ce, "Ungo 'yata, je ki killace ta wuri mai iska. Kada dai ki kulle ta, ruɓewa za ta yi."